Kanada: Sana'ar da kotu ta haifa

Duk wanda ya bi tallace-tallacen guraben aiki na kamfanonin lantarki, mai da ma'adinai a ƙasar Kanada cikin 'yan shekarun nan, zai ci karo da wani muƙami da a shekaru 40 da suka wuce da wuya a same shi a tsarin kamfani, wato jami'in hulɗa da 'yan asalin ƙasa. A manyan kamfanoni muƙamin ya kai matsayin mataimakin shugaba, da ofishinsa da ma'aikatansa da kasafin kuɗinsa. Ma'aikatun gwamnati, bankuna da ofisoshin lauyoyi su ma suna ɗaukar irin waɗannan ma'aikata. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa kamfanin da aikinsa shimfiɗa bututu ko kafa turakun lantarki zai riƙa biyan mutum albashi mai tsoka domin ya je ƙauye ya zauna da dattawa? Sanin kowa ne cewa ɗan kasuwa ba ya kashe kwabo don neman lada, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Kafin mu je ga amsa, ya kamata mai karatu ya yi hattara da kalmar “ɗan asali”, domin nauyin da take ɗauke da shi a Nijeriya daban ne. A nan gida kalmar ta tsaya ne kan takardar shaidar ƙaramar hukuma, da rigimar ɗan ƙasa da baƙo wadda ta ci rayuka a wurare irin su Jos. A Kanada kuwa ana nufin al'ummun da Turawa suka tarar a ƙasar, waɗanda suke da harsunansu da dokokinsu da tsarin shugabancinsu tun kafin zuwan Faransawa da Ingilishi. Tsarin mulkin ƙasar na 1982, a sashe na 35, ya amince da haƙƙoƙinsu, ya kuma ambaci rukuni uku: Al'ummun Farko, waɗanda a da ake kira Indiyawan daji, sai Inuit na yankin ƙanƙara, sai Métis, jikokin auratayya tsakanin 'yan asali da Turawa. Ƙidayar 2021 ta nuna yawansu ya kai miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Ba su da yawa, amma arzikin da Kanada take taƙama da shi, daga koguna zuwa gas da nikel, mafi yawansa yana kwance ne a ƙasashen da suke da'awar gado a kansu.

Amsar tambayarmu tana cikin kundin shari'o'i. A watan Nuwamba na 2004 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci a ƙarar da al'ummar Haida suka shigar kan lasisin sarar itatuwa a tsibiransu. Kotun, a ƙarƙashin Babbar Mai Shari'a Beverley McLachlin, ta ce wajibi ne gwamnati ta tuntuɓi 'yan asali, ta kuma yi gyara a inda ya dace, duk lokacin da za ta ɗauki matakin da zai iya taɓa haƙƙinsu, ko da kuwa ba a riga an tabbatar da wannan haƙƙi a kotu ba. Nauyin yana wuyan gwamnati ne, amma kotun ta yarda a ɗora wa kamfanoni wasu daga cikin ayyukan tuntuɓar. Ta wannan ƙofa ce sana'ar ta shigo. Shekaru 10 bayan haka, a 2014, kotun ta tabbatar wa al'ummar Tsilhqot'in mallakar fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,700 a lardin Biritish Kolambiya, karo na farko da aka yi irin wannan hukunci a tarihin ƙasar.

Da farko wasu kamfanoni da jami'an gwamnati sun ɗauki abin da wasa. Suna ganin idan an kira taro, an raba takardu, an ɗauki hoto, to an sauke farali. Wanda ya ƙi ji kuwa ba ya ƙi gani ba. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta soke izinin da aka bai wa bututun Northern Gateway na kamfanin Enbridge saboda gazawar tuntuɓa, kuma aikin bai sake tashi ba. A watan Agusta na 2018 kotun ta sake soke izinin faɗaɗa bututun Trans Mountain, a daidai lokacin da gwamnatin tarayya take kammala sayen bututun kan dalar Kanada biliyan 4.5. Dalilin da kotun ta bayar ya cancanci a tsaya a kansa: ta ce wakilan da gwamnati ta tura sun tsaya ne a matsayin masu rubuta abin da aka faɗa su kai wa na sama, ba su da ikon mayar da martani ko sauya wani abu a cikin shirin. Dole aka sake zagayen tuntuɓa, aka sake ba da izini a 2019, bututun bai fara aiki ba sai a watan Mayu na 2024, bayan kuɗinsa ya kai kimanin dala biliyan 34. Ba jinkirin shari'a kaɗai ya jawo wannan tashin farashi ba, akwai annobar korona da ambaliyar 2021 da wahalar ratsa duwatsu. Amma masu zuba jari sun karanta darasin sarai, suka gane cewa albashin ofishin hulɗa na shekara 20 bai kai asarar wata guda na tsayawar aiki ba.

A ganina hukuncin na 2018 hukunci ne a kan harshe, ko da alƙalan ba su kira shi haka ba. Hausa tana bambanta ji da saurare, kuma kowane Bahaushe ya san “na ji” na basarake da yake son ya sallami mai ƙara ba ɗaya yake da “na ji” na wanda zai tashi ya yi wani abu ba. Abin da kotun ta ce, a taƙaice, shi ne zance ba ya zama tattaunawa sai idan maganar ɗaya tana iya sauya matsayin ɗayan. Wannan shi ne ma'aunin da ya raba jami'in hulɗa na gaskiya da ɗan aike.

Batun harshe kuwa tsoho ne a wannan rigima. Tsakanin 1871 da 1921 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyoyi 11 da al'ummun yamma da arewacin ƙasar. Rubutun Ingilishi ya ce sun sallama ƙasarsu har abada. Tarihin baka na al'ummu da dama ya ce abin da kakanninsu suka fahimta shi ne za a raba amfanin ƙasa da baƙi, wasu ma suna cewa iyakar zurfin da garma take kaiwa, ban da abin da ke ƙarƙashi. Tsakanin waɗannan fahimtoci biyu akwai tafinta. A yarjejeniya ta 6, wadda aka yi a 1876, shugabannin Cree sun ɗauko nasu tafintan, Peter Erasmus, domin ba su saki jiki da na gwamnati ba. Mu da muka ji labarin tafintoci da masinjojin zamanin Turawa a ƙasar Hausa, waɗanda kan ƙara gishiri ko su rage tsakanin Razdan da Sarki, ba ma buƙatar dogon bayani kan irin ƙarfin da mai tsayawa tsakanin harsuna biyu yake da shi. Har yau kotunan Kanada suna fama da abin da aka faɗa da abin da aka rubuta a waɗannan ranaku. A 1997, a shari'ar Delgamuukw, Kotun Ƙoli ta ce dole a karɓi tarihin baka a matsayin shaida, a ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da rubutattun takardu, bayan da alƙalin kotun ƙasa ya ƙi ba shi nauyi.

Akwai wani misali da ya riga duk waɗannan shari'o'i, wanda masu wannan sana'a suke yawan komawa gare shi. A 1974 aka naɗa alƙali Thomas Berger ya binciki shirin shimfiɗa bututun gas ta kwarin Mackenzie a can arewa. Maimakon ya zauna a birni ya jira lauyoyi, sai ya zagaya ƙauyuka 35, ya bar mafarauta da tsofaffin mata suka yi magana cikin harsunansu, gidan rediyon ƙasa kuma yana watsa rahoton zaman cikin harsunan yankin. A 1977 ya ba da shawarar a dakatar da aikin na shekara 10 har sai an warware batun ƙasa.

To, me masu wannan aiki suke yi a kullum? Wani ɓangare aikin lauya ne da akanta: sasanta yarjejeniyar amfani da tasiri, wadda take fayyace yawan guraben aiki, kwangiloli, horarwa da kason riba da al'umma za ta samu. Yarjejeniyar Raglan ta 1995, tsakanin Inuit na arewacin Kebek da kamfanin haƙar nikel, tana cikin na farko-farko a wannan fanni. Wani ɓangaren aikin fili ne. Dokar tantance tasirin ayyuka ta 2019 ta wajabta yin la'akari da ilimin gargajiya na 'yan asali, don haka ana buƙatar masu zama da dattawa su zana taswirar hanyoyin namun daji, wuraren kamun kifi, maƙabartu da wuraren ibada. Sunayen wurare suna da muhimmanci ƙwarai a nan, domin sau da yawa sunan tafki ko tudu yana ɗauke da bayanin abin da ake samu a wurin da lokacin da ake samunsa, kamar yadda Dutsin-Ma ko Gulbin Ka suke gaya wa Bahaushe wani abu tun kafin ya je. Akwai kuma masu sa ido kan muhalli da al'ummu suke turawa su tsaya a bakin aiki. Ba kamfanoni kaɗai ke ɗaukar ma'aikata ba. Su ma al'ummun sun kafa ofisoshin ƙasa da albarkatu, inda ƙaramin ofishi kan karɓi ɗaruruwan takardun neman ra'ayi a shekara, kowace da wa'adinta.

Mafi wuyar tambaya a wannan sana'a ita ce: wa ke magana da yawun al'umma? Dokar Indiyawa ta 1876 ta ƙaƙaba wa al'ummu majalisun zaɓe, alhali wasunsu suna da sarakunan gado da tsarin gidaje da dangi. Kamfanin bututun Coastal GasLink, mai tsawon kilomita 670, ya sa hannu da majalisun zaɓe 20 da ke kan hanyarsa, ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sarakunan gado na Wet'suwet'en, waɗanda suna cikin masu ƙarar Delgamuukw, suka ce ikon majalisun ya tsaya ne a 'yan filayen da gwamnati ta keɓe, sauran ƙasar gado kuwa tana hannunsu. Da 'yan sanda suka kama masu tare hanya a watan Fabrairu na 2020, sai magoya bayansu suka datse layukan dogo a sassan ƙasar, jiragen ƙasa na fasinja da na kaya suka tsaya na makonni. An kammala bututun a ƙarshen 2023, amma ya bar rabuwar kai a cikin al'ummar kanta, domin akwai 'ya'yanta da dama da suke son aikin saboda abin da zai kawo. Babu digirin da zai koya wa mutum yadda zai bi ta wannan siraɗi. Sai zama da sanin gidaje da haƙuri.

Kada kuma a ɗauka cewa makamashi mai tsafta ya tsira daga wannan tuhuma. Alal haƙiƙa madatsun ruwa sun fi rijiyoyin mai cinye ƙasar 'yan asali a wasu larduna. Lokacin da gwamnatin Kebek ta shelanta gagarumin aikin lantarki na James Bay a 1971, ba ta nemi ra'ayin Cree da Inuit ba. Sai da suka samu umarnin kotu na dakatar da aiki a 1973, wanda aka soke cikin mako guda, kafin a zauna a cimma yarjejeniyar 1975. Madatsar Site C a kan kogin Peace, wadda ta ci dala biliyan 16, an gina ta ne duk da adawar al'ummun West Moberly da Prophet River. Ga wanda ruwa ya shanye maƙabartar kakanninsa, tsaftar wutar da mutanen Bankuba za su kunna ba ta rage masa komai ba. Haka nan ma'adinan da ake buƙata don batirin motocin lantarki suna cikin dausayin arewacin Ontariyo, inda al'ummu suka rabu tsakanin masu son hanya da masu tsoron abin da hanya za ta kawo.

Abin da ya sauya al'amarin a shekaru 10 na baya-bayan nan shi ne mallaka. Al'ummu da dama sun gaji da zaman wanda ake tuntuɓa, suka ce a ba su hannun jari. Layin lantarki na Wataynikaneyap a arewacin Ontariyo, mai tsawon kimanin kilomita 1,800, Al'ummun Farko 24 ne suka mallaki kashi 51 cikin 100 nasa. An gina shi ne don haɗa ƙauyuka 17 da suke dogaro da janareto mai shan dizal, aka kammala ginin a 2024. Sunan kansa, a harshen mutanen yankin, yana nufin layin da ke kawo haske. A ƙauyen Old Crow na yankin Yukon, inda babu hanyar mota kuma jirgin sama ke kai mai, tashar lantarki ta hasken rana mallakar al'ummar Vuntut Gwitchin ta sa ana iya kashe janareto a ranakun bazara tun daga 2021. A 2024 kamfanin lantarki na Biritish Kolambiya ya sa sharaɗin cewa duk mai son sayar masa da sabuwar wuta sai 'yan asali sun mallaki aƙalla kashi 25 cikin 100 na aikinsa. Daga cikin ayyukan injinan iska tara da aka zaɓa a ƙarshen shekarar, takwas sun zo da kashi 51. A ɓangaren mai ma haka: a 2022 al'ummu 23 sun sayi kusan kashi 12 cikin 100 na bututai bakwai na Enbridge a Alberta kan dala biliyan 1.12, kuma al'ummar Haisla ce ke da rinjayen hannun jari a tashar sarrafa gas ta Cedar. Matsalar da ta daɗe tana hana ruwa gudu ita ce doka ba ta barin a jinginar da filayen da aka keɓe wa al'ummu don karɓar bashi, shi ya sa gwamnatin tarayya ta ware dala biliyan 5 a 2024 don tsaya musu lamuni, ta ninka adadin a 2025.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Al'ummar da ta zama mai hannun jari tana buƙatar injiniyoyinta, akantocinta da masu gyaran layin wutarta, kuma a nan ne giɓin yake. Makarantun kwana na tilas, waɗanda suka raba yara kimanin 150,000 da iyayensu har zuwa shekarun 1990, sun bar raunin ilimi da bai warke ba, sun kuma karya harsuna. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kimanin 237,000 ne kawai suke iya hira da wani daga cikin harsunan 'yan asali fiye da 70, kuma adadin ya ragu idan aka kwatanta da na 2016. Wato a daidai lokacin da doka ta ce a nemi ilimin dattawa, masu iya jin dattawan cikin harshensu suna ƙarewa. Wannan ne ya sa nake shakkar duk kamfanin da ke alfahari da ofishin hulɗarsa alhali ba ya sa kwabo a koyar da harshen mutanen da yake cewa yana saurare. Su kansu 'yan asalin da ke riƙe da waɗannan muƙamai suna cikin tsaka mai wuya, kamfani yana kallonsu a matsayin 'yan ƙauye, ƙauye kuma yana kallonsu a matsayin yaran kamfani.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan yana da yawa. Na farko, 'ya'yanmu da ke tafiya Kanada karatun injiniya da kimiyyar ƙasa za su tarar da wannan ilimi a gabansu. Jami'o'in Winnipeg da Lakehead sun wajabta darasi kan 'yan asali tun 2016, kuma rantsuwar zama ɗan ƙasa ta ambaci haƙƙoƙinsu tun 2021. Na biyu, irin wannan aiki yana nan tafe a gida. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani ga al'ummun da ake haƙo mai a yankinsu, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta yarjejeniyar raya al'umma, an kuma ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022. Sai dai bai kamata mu ruɗi kanmu da kwatanci ba. Tsarin mulkinmu ya miƙa ma'adinai ga gwamnatin tarayya, dokar filaye ta 1978 ta miƙa ƙasa ga gwamna, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da shelar haƙƙin 'yan asali a 2007. Jami'in hulɗa da jama'a a nan ba shi da hukuncin Haida a bayansa. Rahoton tasirin muhalli kuwa ana baje shi ne cikin Ingilishi na ƙwararru, a ofisoshin da manomin da abin ya shafa ba zai taɓa shiga ba.

Ita ma Kanada ƙin shelar ta yi a 2007, tare da Amurka, Ostareliya da Niyu Zilan, kafin ta sauya matsayi ta kafa dokar aiwatar da ita a 2021. Shelar tana magana ne kan amincewa bisa raɗin kai, wadda aka nema tun kafin a fara aiki, bayan an ba da cikakken bayani. Kotun Ƙoli kuwa tun a 2004 ta ce wajabcin tuntuɓa bai bai wa kowa ikon hawa kujerar-na-ƙi ba. Tsakanin tuntuɓa da amincewa akwai tazara mai faɗi, kuma duk wanda ya taɓa halartar neman aure ya san bambancin a shawarci mutum da a nemi yardarsa. A watan Yuni na 2025, bayan harajin da Shugaba Trump ya ƙaƙaba wa kayan Kanada, gwamnatin Firayim Minista Mark Carney ta zartar da dokar da ta ba majalisar ministoci ikon ayyana wasu ayyuka a matsayin na maslahar ƙasa domin a hanzarta ba su izini. Lardin Ontariyo ma ya kafa tasa makamanciyar dokar. Shugabannin Al'ummun Farko da dama sun ce an ba su 'yan kwanaki ne kawai su duba daftarin, kuma a watan Yuli na shekarar wasu al'ummu tara daga Ontariyo suka garzaya kotu suna ƙalubalantar dokokin biyu.